Ɗaukar hoton iyali da ƙananan yara a Sakkwato: tambayoyin da iyaye sunka fi yi mani

Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata ɗaukar hoto ce nan cikin garin Sakkwato, kuma duk sanda Sallah ta matso ko an yi haihuwa ko wani ɗan uwa ya zo hutu daga Abuja ko Kaduna, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta shigo mani a WhatsApp, har wani lokaci in kama kaina ina maimaita amsa guda ga mutum uku a wuni. Shi ya sa na tara su nan wuri ɗaya. Abin da zan faɗa tun farko shi ne, in akwai yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu cikin hoton, to shi ne mai gida ranar, ba Alhaji ba, ba ni ba. Barcinshi da cikinshi su za su yanke mana lokaci, sauran duk bi muke.

Malam, ƙarfe nawa ya kamata mu zo?

Ni ma tambaya nake mayarwa: yaron ƙarfe nawa yake barcin rana? Yawancin yara 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa uku suna yin barci sau ɗaya tsakanin hantsi da azahar ko bayan azahar kaɗan, kuma lokacin da ya fi daɗin sha'ani shi ne kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan ya tashi ya ci abinci ya wartsake. Kar a tashe shi daga barci a zura mai kaya a taho da shi, wallahi fuskar nan a kumbure za ta fito kuma ba abin da zan iya yi mata.

In a waje za a yi, lokaci biyu ne kawai muke da su a garin ga. Da safe daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, ko da yamma bayan la'asar sakaliya, daga wajen ƙarfe 5 zuwa dab da magariba. Ni na fi son na safe ga masu ƙananan yara, don yaro bai gaji ba, kayan ba su sha ƙura ba, kuma babu mai hanzarin tafiya masallaci. Na yamma haskenshi ya fi kyau amma gajere ne, in kunka makara da minti ashirin shi ke nan an kira salla, maza sun watse.

Tsakar rana kam a'a. Rana na bisa kai, inuwa ta cika ramin ido, kowa ya yamutse fuska, farar shaddar Alhaji ta koma haske kawai babu ko alamar aikin wuya.

Akwai watan da ya fi wani?

Akwai. Daga Maris zuwa Mayu kun san yadda Sakkwato take, zafi na wuce digiri 40 ba wani labari ba ne, babba ma da ƙyar balle yaro cikin sabon leshi. A wannan lokacin ko dai a yi da sassafe ko a yi cikin ɗaki mai sanyi. Hunturu, wato Disamba da Janairu, ba zufa kuma hazo yana tausasa hasken rana, hoton fuska yana kyau sosai, sai dai sama takan fito fari fat, ga majina ga leɓe ya tsage ga ƙafa ta yi furu-furu. Maganin wannan a fara shafa ma yara man kaɗe ko basilin tun kwana biyu uku kafin ranar, ba a bari sai an zo gabana a lafta masu shi fuska na ƙyalli ba. Ƙarshen damina, Satumba zuwa farkon Oktoba, shi ne gari ke kore shar, in kuna son hoton waje mai ciyawa da itatuwa to wannan ne, sai a haɗa da kallon hadari.

Muna so a yi ranar Sallah da an sauko daga idi, tunda kowa na cikin kwalliya.

Na san dalilin, amma ku duba abin da yaron ya sha kafin ya iso gare ni. An tashe shi tun asuba, an yi mai wanka, an kai shi Fakon Idi ko wani filin idin cikin rana da cunkoso, ya dawo an ɗura mai lemo da cincin da nama, kowa ya ɗauke shi ya juya. Sannan ku zo shagon hoto ku tarar da layi, don ranar kowa na so. Yaron da ya jira awa ɗaya a layi ya gama ba da abin da zai bayar.

Shawarata a yi washegari da safe, ko ma kwana na uku. A cire ma yara kayan da an dawo idi a rataye, ko a ware kala na biyu don hoton. Kuma in za ku kama mani rana kar ku ce ranar kaza ga wata, ku ce washegarin Sallah, tunda dukanmu sai mun ji sanarwar ganin wata daga Fadar Sarkin Musulmi kafin mu san ranar. Babbar Sallah kuma ranar yanka a manta da hoto kwata-kwata, uwa na bakin murhu uba na wajen fiɗa.

Situdiyo ya fi ko ka zo gida?

In yaron bai kai shekara uku ba, gida. Ya san wurin, ya san ƙamshin ɗakin, in ya ɓata kaya akwai canji kusa, in ya ji yunwa ga kicin, kuma an huta da ɗora yara huɗu a Keke Napep daga Mabera ko Arkilla zuwa cikin gari su iso a yamutse. Mutane kan ce ai gidanmu ba kyau. Ba gidan nake ɗauka ba. Bango ɗaya mai tsabta nake nema da inuwa mai faɗi, ko bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe. Tsohuwar katangar ƙasa irin ta unguwannin cikin gari tana fitar da shadda da atamfa fiye da labulen situdiyo mai hoton bene da mota, wanda ni dai har yau ban gane abin da mutane ke so a cikinshi ba. A share tsakar gida, a kwashe shanya daga igiya, a janye bokitai da butoci da babur, a shimfiɗa darduma ko tabarma mai kyau, an gama.

Abu ɗaya game da inuwar dogon yaro: tana da daɗin zama amma rana na ratsowa ta tsakanin ganye ta yi ma fuska dabbare-dabbare. Inuwar gini ta fi.

Situdiyo na da amfaninshi in zafi ya yi yawa ko kuna son hoton firem mai bango ɗaya. Sai dai ku tambaya tun kafin ku zo ko akwai janareta ko sola in an ɗauke wuta, don ɗaki rufaffe babu fanka da fitilu a kunne, minti biyar ya isa yaro ya fara ihu.

Masu tambayar wuraren waje: wajen Kwalkwalawa bakin gulbin Rima akwai kyau lokacin da fadama ta yi kore, amma da yara masu gudu sai an tafi da babba ɗaya wanda aikinshi kawai tsaronsu, ba ya cikin hoton. Wurin gwamnati ko otal a nemi izini tukuna. Hubbaren Shehu kuwa wurin ziyara ne, ba na kai kowa can don hoton kwalliya.

A ba shi abinci kafin a zo ko zai ɓata kaya?

A ba shi, shi ci shi ƙoshi, sannan a sa kayan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Iyaye da yawa na hana yaro ci don kar ya ɓata riga, su kawo mani shi da yunwa, sannan su yi mamakin rigima. Tsarin shi ne abinci, wanka, famfas sabo, sai kaya daga ƙarshe, in ma da hali a zo da kayan a hannu a sa mai nan.

A jaka a riƙo ruwa da abin taɓawa wanda ba ya rini, kamar biskit marar kirim ko ayaba. Banda zoɓo, banda cakulan, banda duk abin da ya ji manja, banda alawar nan mai mayar da harshe shuɗi ko ja. Gyaɗa da alawa mai tauri da cingam kuma ba don kaya ba ma, yaro ƙasa da shekara huɗu na iya shaƙewa da su, balle yana ci ana sa shi dariya.

To in yi mai alkawarin alawa in ya tsaya?

Ga ɗan shekara huɗu ko biyar yana aiki, in an ce bayan an gama. Ga ɗan shekara biyu kuwa kina nuna mai ita zance ya ƙare, ba zai ƙara kallon kowa ba sai hannunki, in kin ba shi baki ya cika da yawu, in kin hana kuka. Ki ɓoye ta sai na ce.

Wane irin kaya za mu sa? Dole sai anko?

Ba dole ba. Anko na da kyau in iyali na da yawa don yana haɗa hoton, amma in atamfar mai manyan zane ce kuma mutum goma sunka sa ta, fuskokin yara ɓacewa suke cikin zanen. Abin da ya fi fita shi ne a zaɓi kala biyu ko uku masu jituwa, misali maza sararin samaniya ko ruwan toka, mata atamfa ko leshi mai ɗauke da ɗigon wannan kalar. Yadi mai ƙananan layuka sosai yakan yi wani irin rawa-rawa a kyamara, a guje shi. Shadda mai tsananin ƙyalli kuma tana mayar da hasken fitila, in an sa ta sai in rage haske ko in canza gefe, ba matsala ba ce babba amma ku faɗa mani tun wuri.

Na yara kuwa magana ɗaya ce, in kayan na cizonshi ba zai yi dariya ba. Leshi na ƙaiƙayi in babu shafi a ciki. Sabuwar shadda mai sitaci tana kartar wuya da hammata, a sa mai singileti. Takalmi sabo a gwada tun kwana biyu kafin nan, in ya matse a bar shi da tsohon a goge, ko a ɗauke shi ba takalmi bisa darduma, ya fi kyau ma. Hula ga ɗan shekara ɗaya da rabi, ku sani cire ta zai yi, sai mu yi dabara a ɗora a ɗauka nan take, in ya ƙi a haƙura. Haka ɗan kwali ko gyale ga 'yar ƙarama. Babbar riga ga ɗan yaro tana burge kakanni ƙwarai, na sani, to a yi hoto biyu uku da ita a cire a bar shi da 'yar ciki.

Sai maganar tela. Ku karɓi ɗinki aƙalla mako ɗaya kafin ranar, ba daren ranar ba, musamman gab da Sallah da ɗinki ke yi masu yawa. Kuma a riƙo kaya na biyu ga duk yaron da ke cikin famfas ko mai tumbuɗi, har ma da mayafi na biyu ga mai goyon.

Kitso da aski da lalle fa, yaushe za a yi?

Kitso kwana biyu kafin ranar. Wanda anka yi jiya da dare kan yarinya na zafi, goshi a ɗaure, ko taɓa ta anka yi sai hawaye. Kuma don Allah a sassauta hannu, 'yar shekara biyu ba ta buƙatar kitson da zai ja mata gira sama. Askin maza shi ma kwana biyu ko uku, don sabon aski yakan bar farin layi a goshi da ƙeya.

Lalle ja na gargajiya ga yarinyar da ta ɗan tasa babu laifi, a yi shi da wuri ya kama. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis shi ne nake roƙon a nisanta da fatar yara, sinadarin rinin gashi ne a ciki kuma yana sa wasu ƙuraje da kumburi har ya bar tabo. Jarirai kuwa a bar su ba lalle gaba ɗaya.

Kwalli ma zan faɗa ko da wasu iyayenmu mata ba za su ji daɗi ba. Kwallin dutse da yawa yana ɗauke da dalma, kuma mu nan ba baƙin labarin gubar dalma ba ne, mun ga abin da ta yi ma ɗaruruwan yara a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinari ta fito. Idon yaro ba ya buƙatar komai don ya fito a hoto. Hoda kuma kaɗan, in ta yi yawa fuska fari wuya baƙi.

Ɗiyata na da ƙiwa, ko kawunta ba ta yarda da shi. Anya za a iya?

Za a iya, Hajiya, kuma ba wani abu ne ke damunta ba. Ƙiwa na farawa ne tun wajen wata shida zuwa tara, ta yi ƙarfi bayan shekara ɗaya, sannan ta riƙa raguwa. Abin da nake yi in na shigo ba na kallonta ma, in gaisa da manya, in zauna ƙasa, in bar kyamara a gefe ta gan ta. Minti goma na farko na sabo ne, kar ku ga kamar ina ɓata lokaci. Kuskuren da ake yi shi ne a miƙo ta a ce je ki wurin Kawu mai hoto, ko a ajiye ta ita kaɗai bisa kujera kowa ya ja baya. A fara da ita a jikinki ko a cinyar babanta, in ta saki jiki sai a zame a hankali. In ba ta saki ba, hoton ɗiya ta lafe a kafaɗar uwarta tana leƙen kyamara da ido ɗaya ba abin yarwa ba ne, sau da yawa shi ake wankewa babba.

Tun kwana biyu kafin nan a riƙa gaya mata wani zai zo ya ɗauke mu hoto, a yi wasan da waya. Kuma kar a taɓa cewa in ba ki tsaya ba mai hoto zai yi maki allura. Ana faɗa, a gabana ma.

In ya fara kuka ko ya ƙi tsayawa mi za mu yi?

Ku dai kar ku yi komai, wannan shi ne taimakon. Abin da ya fi lalata hoton iyali ba yaron ba ne, manya ne. Yaro na ɗago kai ya yi murmushi na daƙiƙa ɗaya, na danna, in duba sai in ga uwa ta sunkuya tana gyara mai hula, uba ya buɗe baki yana cewa kai tsaya mana, yayarshi na nuna mai kyamara da yatsa. Shi kaɗai ya fito daidai. Don haka manya ku kalle ni kawai ku riƙe fuskarku, yaron ku bar mani shi. Mutum ɗaya tak zai tsaya bayana dab da kaina yana yi mai wasa, wanda ya fi sabawa da shi, ba mutum biyar kowa na kiran sunanshi daga kusurwa daban ba.

Tsawa da zare ido da ɗan mintsini a cinya ba su taɓa gyara hoto ba. Yaron da anka daka ma tsawa ko ya yi shiru ido ya riga ya yi ja, hanci na zuba, kuma sai an ɗauki wajen kwata na awa kafin fuskar ta koma. In kuka ya zo a tsaya, a fita da shi, a ba shi ruwa ko nono, ni kuma in ɗauki manyan yara ko Alhaji da Hajiya kafin ya huce. Mai gudu kuma ba a kama shi a dasa, aiki ake ba shi: zo ka zauna kan ƙafar Baba, riƙe ma ƙanwarka hannu, leƙa cikin gilashin ga ka gaya mani mi ka gani. Ko a bar shi ya rugo wurin uwarshi in ɗauka yana tafe.

Ku sa a ranku cewa haƙurin ɗan shekara biyu gaban kyamara bai fi minti goma zuwa sha biyar ba. Saboda haka hoton da kunka fi so, na kowa da kowa, shi ake fara ɗauka, ba a ajiye shi ƙarshe.

In kunna mai katun a waya?

Sai in komai ya ƙi. Ido na kafewa ne a wayar, baki a sake, kuma karɓe ta sabon yaƙi ne. Balan-balan ko abin wasanshi na gida ya fi, amma ku zaɓi wanda ba za ku ji haushin ganinshi a hoton ba don ba lallai ya saki ba.

Jaririnmu ko arba'in bai yi ba. Hasken filasha ba zai taɓa mai ido ba?

Filashar kyamara ba ta lalata ido, walƙiya ce ta ɗan lokaci ƙanƙani, sai dai tana firgita shi, don haka ni na fi son hasken taga ko in harba fitilar sama ta dawo a tausashe. A shayar da shi dab da farawa, a sa shi ya yi gyatsa. Wanda bai kai wata shida ba kar a ba shi ruwa wai don zafi, nono ya isa. Kar a tilasta mai zama in bai fara zama da kanshi ba, yawanci sai wajen wata shida zuwa takwas, kuma in yayyenshi za su riƙe shi to a zaune a ƙasa, hannun babba na kusa. Irin hoton da kuke turo mani daga Instagram na jariri ya tallafe haɓa da hannuwa, ku sani haɗi ne na hoto biyu, akwai hannun babba da anka goge. Kar wani ya gwada a gida.

Ranar suna ma ba ranar hoton iyali ba ce, mai jego a gajiye, gida cike. A ɗauki na taro ranar, na iyali a bari sai an natsu.

Gidanmu mata biyu ne, ga Inna, ga yara sun kai goma sha. Ya za a tsara?

Wanga shi ne wanda nake so a gama maganarshi kafin in iso, ba a gabana ba. Maigida ya rubuto mani jerin hotunan da ake so: na kowa da kowa, na Inna da jikoki, na uwargida da ɗiyanta, na amarya da nata, na yara zalla. Duk abin da anka yi ma ɗaki ɗaya a yi ma ɗayan, yawan hoto ɗaya, girman firem ɗaya, kun dai gane. A babban hoton tsofaffi ke zama a kujera a tsakiya, ƙananan yara a cinya ko a ƙasa gabansu, matasa a tsaye baya. Tsofaffi da ƙananan yara ake fara sallama, 'yan makaranta su jira.

Akwai kuma kara. Wata uwar ba za ta ɗauki ɗan farinta gaban surukai ba, balle ta yi mai wasa, musamman gidajen da ke riƙe da al'adar sosai. Ba na matsa mata. Yaron ya zauna wurin kakarshi ko gwaggonshi a babban hoton, daga baya in an koma ciki a yi mata nata da shi ba idon kowa, in tana so.

Baba ya ce shi ba ya shiga hoto.

A ƙyale shi. Malamai sun yi saɓani kan hoto, wasu sun sassauta kan na kyamara wasu ba su sassauta ba, haka ma maganar rataye shi a bango, kuma ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda yake bi. Dattijon da anka ja dole fuskarshi a ɗaure take fitowa, yara kuma suna gani.

Akwai mace mai ɗauka? Kuma ba ma son a sa hotonmu a intanet.

Akwai mata masu sana'ar a garin ga, in gidan ba a shiga ne ku faɗa tun farko a haɗa ku da mace, ba abin jin nauyi ba ne. Maganar sakawa a Facebook ko Instagram ko TikTok kuwa haƙƙinku ne, ku faɗa a rubuce a WhatsApp kafin a fara cewa ba ku yarda a yi talla da hotonku ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonshi. Ku ma in za ku saka da kanku, a guji wanda ke nuna bajen makarantar yaro ko lambar gida ko lambar mota, kuma hoton yaro ba kaya a bar shi cikin albam na gida.

Nawa ne?

Ba zan rubuta kuɗi nan ba don kayan aiki da man janareta da kuɗin wanki kullum canzawa suke. Abin da ya kamata ku tambayi kowane mai hoto kafin ku tura kafin alƙalami: awa nawa, hoto nawa za a gyara a ba ku, canjin kaya nawa, wanki da firem na ciki ko daban, zuwa gida akwai ƙarin kuɗin mota, yaushe za a karɓa, sannan in yaro ya tashi ba lafiya za a ɗaga ranar ba tare da kuɗin ya ƙone ba. Na ƙarshen nan kar ku manta da shi.

Za ka iya gyara shi ya yi fari kaɗan?

Majina, ƙurji, cizon sauro, tabon miya a riga, duk ina gogewa. In a hoto ɗaya kowa ya yi kyau sai mutum ɗaya ya rufe ido, ana iya ɗauko fuskarshi daga na kusa da shi, shi ya sa nake danna da yawa a tsayi ɗaya. Amma canza ma yaro launin fata ba na so, kuma ina ba ku shawara kar ku nema wurin kowa. Zai girma ya ga hoton, ya kuma gane abin da anka yi.

Ta WhatsApp za ka turo mana?

In ta WhatsApp ne sai dai a matsayin fayil, don in an tura shi yadda anka saba yana matse hoton, a waya ya yi kyau amma ranar da kunka kai a wanke babba sai ya fashe. Ku karɓi na asali a filash na ajiyar fayil ko ta Google Drive, asusun Google na ba da 15GB kyauta, kuma ku ajiye wuri biyu don waya na faɗawa ruwa ana kuma sace ta. Ku wanke ko kaɗan ne, 5x7 na albam, 8x10 ko 12x16 na firem. Wanda za a rataye a nisanta shi da inda rana ke bugawa don yana koɗewa.

Ba mu da halin kiran mai hoto yanzu, da waya za mu yi. Wace dabara?

Ba komai, wayoyin yanzu na ƙoƙari. A goge gilashin kyamarar da gefen riga tukuna, da yawa cikin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne. A tsaya cikin inuwa fuska na kallon inda haske yake, kar taga ko rana ta kasance bayan mutane. Mai ɗauka ya durƙusa daidai tsayin yaron, kar ya ɗauko shi daga sama kai ya yi girma ƙafa ta tsuke. Kar a ja hoton da yatsa don kusantowa, a matso da ƙafa. A danna da yawa a jere, cikin ashirin za a samu ɗaya. Kuma da rana a yi, waya duk yadda ta kai ba ta iya ɗaukar yaro mai motsi cikin hasken ƙwan ɗaki.

Ya tashi da zazzaɓi yau, ga shi mun riga mun biya. Mu lallaɓa mu zo?

A'a, ku kira a ɗaga, ku kai shi asibiti a duba, balle lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ke yawa. Haka in an yi mai allurar rigakafi jiya ko yana fama da fitar haƙori, a ba shi kwana biyu uku. In kuna da katin rigakafinshi ku duba ranar komawa tun kafin ku kama mani rana, sai a sa hoton kafin allurar ba bayanta ba.